Fanka Ɗaya a Shagon Judith

Ranar Laraba ce a tsakiyar watan Agusta, ana ruwa tun asuba, irin yayyafin nan da ba ya ƙarfi kuma ba ya ɗaukewa. Titin da ya bi ta bayan kasuwar Sabon Tasha ya zama taɓo, masu Keke Napep suna ta kauce wa ramuka, iska mai sanyi tana shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. Ba kowa a shagon sai Nelson. Yayarsa Judith ta kai ƙaramin ɗanta asibiti, ta bar masa wurin, ta ce in mai fotokofi ya zo ya yi masa, in mai bugun takarda ne ya dawo da yamma.

Shagon ɗaki ɗaya ne mai rufin kwano, ba silin, ba taga sai wata 'yar kafa a sama. Akwai injin fotokofi, da firinta, da benci na masu jira, da fanka mai tsayawa da ƙafa. Sai kwamfutar, a ƙasa gefen teburin Judith. Da kuɗin adashe ta saye ta, irin wadda ake haɗawa ɓangare ɓangare, aka zaɓo mafi araha a kowane ɓangare. A kanta take buga wa ɗalibai firojet, da takardun neman aiki, da katin aure, da tsarin sujadar jana'iza. Mijinta Ben ma'aikacin kwantiragi ne a wani kamfani a Kakuri, wani wata a kira shi, wani wata a ce ya zauna a gida. Saboda haka abincin gidan daga cikin akwatin ƙarfen nan yake fitowa, har da kwanon da ake ajiye wa Nelson.

Shi Nelson a aji biyar na sakandare ya ajiye makaranta. Ya taɓa walda ya bari, ya ja keke ya bari, ya zauna a shagon aski har ya fara iya aza layi sannan ya bari. Abu ɗaya ne ya kama shi bai sake shi ba, wato haɗa bidiyo. Yakan ari kyamara ya ɗauki biki ko taron suna, ya zo ya yanka ya jera a kwamfutar Judith. Burinsa ya tara aiki mai kyau ya nuna a wani sitidiyo a Abuja, ya fita daga layin nan da ya san kowace kwata da ke cikinsa.

Matsalar ita ce matakin ƙarshe. In ya gama jera komai, sai kwamfuta ta narka aikin ta fitar da shi fayil ɗaya, abin da masu sana'ar ke kira renda. A nan take nuna ita ta talaka ce. Aikin da manyan injuna ke gamawa kafin a sha ruwa, ita sai ta kwashe rabin yini tana nishi. Kuma ba shi da rabin yini. Da rana ta Judith ce, da magariba ana rufe shago don layin ba fitila. Abin da ke hannunsa shi ne ɗan tsakanin da take zuwa ɗauko yara, ko kasuwa, ko addu'ar mata.

A ranar ruwan nan ya gwada abin da ya daɗe yana kallo a waya. Abin da ya fahimta shi ne, kamfani yakan ɗaure firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, a wani gudu da ya san ba za ta wahala ba ko ina aka kai ta. Amma akwai wani shafi da ake shiga kafin kwamfuta ta gama tashi, inda mutum zai ƙara mata gudu da hannunsa. Obakulok ake ce wa wannan. Sai dai gudu yana cin wuta. In ka ƙara gudu ba ka ƙara boltej ba, wato ƙarfin wutar da ke shiga firosesa, sai ta yi tuntuɓe a tsakiyar aiki, allo ya koma shuɗi, komai ya tsaya. In kuma ka cika mata wuta, zafi ya hau, ta lalace a hankali ko nan take. Tsakanin biyun akwai ɗan wuri ƙanƙani, kuma ba mai faɗa maka inda naka yake, don ko firosesa biyu da suka fito kwali ɗaya halinsu ba ɗaya ba ne.

Haka ya wuni. Ya ƙara gudu kaɗan, ya ɗora mata aiki mai nauyi, ya zuba ido a wata 'yar lamba a kusurwar allo da ke nuna zafin firosesa. Ta mutu ya tayar, ya ƙara wuta da ɗigo ɗaya, ya sake. Turawan da ke koyarwa a bidiyo duk bakinsu ɗaya, sun ce muddin lambar nan ba ta haura digiri tamanin ba, hankali kwance. Bai lura ba a lokacin cewa yawancinsu da rigar sanyi suke magana a cikin ɗakunansu. Kafin Judith ta dawo ya sami wani gudu da ya rage masa kusan kashi ɗaya cikin biyar na lokacin renda. Ya fita bakin ƙofa ya tsaya a cikin yayyafi yana murmushi shi kaɗai, kamar wanda ya gano ƙofa a bangon da ya daɗe yana jingina da shi.

Kwana kaɗan bayan haka abin ya ba shi kunya. Judith tana tsakiyar buga wa wata ɗalibar kwaleji firojet, yarinyar na zaune tana karanto mata, sai allo ya yi shuɗi. Babi guda ya tafi. Ɗalibar ta yi kuka, Judith ta ba ta haƙuri ta sake bugawa kyauta, bayan ta fita kuma ta juyo kan ƙanenta. Ba ta san sunan abin da ya yi ba, amma ta san shi tun yana rarrafe. Ta tsare shi da ido har ya faɗa mata ya ɗan taɓa saitin ciki.

"Nelson, ka yi bidiyonka, ban hana ka ba," in ji ta. "Amma ka mayar mini da ita yadda na saye ta. Cikinta kada ka sake taɓawa. In ta mutu, mu duka muka mutu."

Ya ce, "To, Anti."

Da ta fita ya shiga shafin nan da niyyar mayarwa. Ya daɗe yana kallon lambobin. Ya san shuɗin allon ba daga gudu ba ne kaɗai, wutar ce ta yi kaɗan. Maimakon ya rage gudu sai ya ƙara boltej zuwa 1.35. Daga ranar allo bai sake yin shuɗi ba, Judith kuma ta ɗauka ya ji maganarta.

Sai dai zafi ya hau, lambar tana leƙa tamanin da huɗu in aiki ya yi nauyi. Monday ne ya fitar da shi, wani mai sayar da kayan kwamfuta na hannu a Kakuri. Nelson ya haɗa masa bidiyon sunan 'yarsa, shi kuma maimakon kuɗi ya ba shi na'urar sanyaya firosesa, wani ƙaton ƙarfe mai fiffike kamar radiyatar mota, da fanka manne a gefensa. Da suka ɗaura shi murfin akwatin ya ƙi rufuwa, dole aka jingine shi a bango aka bar cikin kwamfutar a buɗe. Lambar ta faɗo ƙasa da saba'in. Judith ta tsorata da ganin hanjin kwamfutarta a waje, Nelson ya zaunar da ita ya nuna mata kusurwar allo. Ya ce wannan ita ce ma'aunin zazzaɓinta, in ba ta kai tamanin ba to lafiya lau take. Judith ta riƙe wannan magana. Ko tana bugu takan ɗaga ido ta duba.

Wata rana ana renda ya sa hannu zai gyara wata waya, yatsarsa ta goga wasu ƙananan baƙaƙen ƙwayoyi da ke jere a jikin bod, babban allon da komai ke manne a kai, daf da firosesa. Ya fizge hannu kamar ya taɓa tukunya. Kafin yamma wurin ya yi bororo. Allo kuwa yana nuna sittin da takwas.

Ya kira Monday. Monday ya yi dariya tukuna, sannan ya yi masa bayani. Ƙwayoyin nan su ke tace wuta kafin ta shiga firosesa, duk ƙarin da ya yi ta bayansu yake bi. Tsohuwar fankar kamfani ƙasa take hurawa, tana sanyaya su ba tare da kowa ya sani ba. Wannan sabuwar ta gefe take hurawa, iskarta na wucewa ta samansu. A bod mai tsada ana rufe su da ƙarfe a sa musu ma'auni, a irin na Judith tsirara suke.

"Lambar da kake kallo ta firosesa ce kawai," in ji Monday. "Waɗannan ba su da bakin faɗa maka. Ka sa musu iska, kuma kada ka wuce inda kake yanzu, ko wa ya mutu."

Daga nan Nelson ya kafa wa kansa doka. Bugun takarda ba ya wahalar da kwamfuta, wannan ba damuwa. Amma duk lokacin renda sai ya jawo fankar shago, ya lanƙwasa wuyanta ƙasa, ya danne maɓallin da ke hana ta juyawa, ya saita ta cikin buɗaɗɗen akwatin. Yakan kai bayan yatsa kusa da ƙwayoyin ya ji. Da fanka ɗumi ne kawai. Tunda Judith ba ta nan yake yin renda, ba ta taɓa tambaya ba. A haka damina ta wuce, sanyi ya zo ya wuce, ayyukansa suna taruwa a cikin kwamfutar.

Ƙarshen Maris zafi ya sauka a Kaduna kamar an kifa kwano a kan garin. Kafin hantsi rufin shagon ya fara ƙara, benci ya yi ɗumi, takarda na manne wa hannu. Saitin da ke ba shi sittin da takwas a Agusta yanzu saba'in da ɗoriya yake nunawa. Ya yi niyyar rage wuta har ruwa ya sauka. Yana ta cewa gobe.

A lokacin ne ya sami aiki mafi girma tun da ya fara. Zumuntar Mata ta cocinsu za su babban taro a Zonkwa, suna so su tafi da bidiyon waƙoƙinsu a haska a bango. Shugabarsu Mama Talatu ce ta ce a ba Nelson. Ƙawar mahaifiyarsu ce tun suna 'yan mata, ita ta tsaya a kan komai ranar da aka binne ta, ita ta riƙe hannun Judith a bakin kabari. Ba a gidan wanda ke yi mata musu. Nelson ya ɗauke su a harabar coci da kuma kan wani dutse a Mahuta, da zannuwansu iri ɗaya, da tulunan kiɗa da caki. Ya zuba duk abin da ya iya a aikin. Ranar Alhamis ya tura wa Mama ƙaramin kwafi a waya don su gani, wanda ya matse har fuskoki suka ɗan dushe, ya fitar da babban ya ajiye.

Safiyar Juma'a, ranar tafiya, wayarsa ta yi ƙara. A waƙa ta uku ɗankwalin Maman Debby, mai ba da waƙa, ya zame baya, kitsonta da aka yi rabi aka bar rabi ya fito fili. Ta rantse ba za a haska ta haka a gaban matan gunduma guda ba. Ga kuma sunayen da ke ƙarshe, an sa ma'aji a gaban mataimakiyar shugaba. Gyaran bai ɗauke shi komai ba. Amma fayil ɗaya suke so, dole a sake narka shi tun daga farko, kuma motarsu ƙarfe biyu za ta tashi daga ƙofar coci. Ya duba abin da kwamfuta ta ce zai ɗauka, ya duba agogo. Ba zai kai ba. Wurin ajiya ya cika, sai da ya goge babban kwafin jiya kafin sabon ya sami gurbi.

Judith ta tafi banki. Ya kashe kwamfutar, ya shiga shafin nan, ya ƙara gudu mataki ɗaya, ya kai boltej 1.40. Ya taɓa gwada wannan sau ɗaya da damina, ta riƙe. Ya ce a ransa na yau kaɗai ne, kuma ga fanka. Ya lanƙwasa wuyanta, ya ƙure ta, ya danna renda. Layin da ke nuna ci gaban aiki ya fara tafiya. Lissafi ya nuna zai gama da ɗan sarari.

Layin bai kai rabi ba ya ji muryoyi a waje. Judith ce ta shigo, a bayanta Mama Talatu, da Maman Debby, da wasu mata biyu, kowacce da jakar tafiya. A hanya suka haɗu. Barandar coci rana ta cinye ta, suka ce gara su jira a shago su karɓi kayansu da hannunsu. Nelson ya durƙusa ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Mama Talatu ta zauna a kan benci da ƙyar, tana haki, gumi ya jiƙa wuyan rigarta. Tana da hawan jini, kowa ya sani. Ta ciro hankici tana fifita fuska.

Judith ta dube ta sau ɗaya. Ta kama fankar, ta miƙe wuyanta, ta juya ta wajen benci.

Nelson ya dubi buɗaɗɗen akwatin. Ya bari aka gama gaishe-gaishe, aka tambayi Ben da yara, sannan ya matsa kusa da yayarsa ya ce a hankali ko za a bar fankar tana juyawa, ta riƙa taɓa kowa. Judith ta ce maɓallin juyawar ai shi ya lalata shi da yawan dannawa, in an sake shi ƙara yake yi kamar injin markaɗe. Ya koma ya tsuguna. Ya kai bayan yatsa kusa da ƙwayoyin, tun bai taɓa ba ya ji hucin. Ya miƙe.

"Mama, ku yi haƙuri," ya ce, idonsa a ƙasa. "Kwamfutar ma tana son iska."

Maman Debby ta fashe da dariya har tana dafa ta kusa da ita.

"Ashe akwai wadda ta girme mu a ɗakin nan," in ji Mama Talatu. "Judith, ba ki gabatar da mu ba. A ba ta kujera mana, a kawo mata ruwa."

Matan suka ɗauka. Ɗaya ta ce a yi mata rajista a Zumunta, wata ta ce sai ta fara biyan kuɗin zane. Maman Debby ta ce yaran yanzu ke nan, ya bar kanta a buɗe a gaban duniya amma inji yake tausayi. Mama cikin raha ta ce in da gaske ne a juya wa kwamfutar fankar, ita ta saba da zafi tun kafin a haifi mai kwamfutar. Ta faɗa ne irin faɗar da babba ke yi, wadda ba yaron kirki da zai karɓa.

Judith ta leƙa kusurwar allo. Fuskarta ba dariya.

"Saba'in da huɗu," ta ce. "Ba kai ka ce mini sai ta kai tamanin ba?"

"Haka ne, Anti."

"To mene ne?"

Amsar tana bakinsa. Zai ce lambar ba ta ganin wurin da ke ƙonewa. Za ta ce me ya sa wurin ke ƙonewa. Daga nan sai Agusta, sai alkawarin da ya yi mata, sai abin da ya ƙara da safen nan, duk a gaban ƙawar mahaifiyarsu da mata uku da za su shiga mota ɗaya su yi tafiyar awa uku suna hira. Ya dubi layin, ya ɗan wuce rabi. In ya tsayar ya rage wuta, sai an faro daga farko, mota kuma ba za ta jira ba. Ya dubi Mama, ta lumshe ido iska na kaɗa bakin ɗankwalinta, numfashinta ya fara daidaita.

Ya ce, "Ba komai."

Ya ɗauki wani fayil na kwali a kan tebur, ya tsuguna yana yi wa cikin akwatin fifita. Matan suka sake kwashewa. Maman Debby ta ce ranar da ya yi aure matarsa ta huta. Yana jin su, yana kaɗa hannu, gumi na ɗiga daga haɓarsa zuwa siminti. Iskar kwalin ba ta kai ko'ina ba, ya sani, amma tsayawa ta fi masa wuya. Ɗakin ya cika da jiki shida da hucin kwano. Layin yana tafiya kamar ana jan sa da igiya.

Judith ta gaji da abin da take gani a matsayin rashin kunya. Ta ce ya tashi ya je wurin mai zoɓo a bakin layi ya kawo wa su Mama mai sanyi. Ya ce bari aikin ya ƙarasa. Ta kira sunansa sau ɗaya, da muryar da take kiran 'ya'yanta in baƙi na nan. Ya miƙe, hannunsa ya tsaya a kan linzamin kwamfutar, kibiyar tana kan wurin tsayarwa.

"Kada ka taɓa, ɗana," in ji Mama. "Bar ta ta gama aikinta. Mu za mu yi mata gadi."

Ya fita da gudu. Mai zoɓon tana bayan gida tana yi wa jariri wanka, firiza a kulle, sai da ya jira ta ɗauraye hannu ta nemo makulli. Ya kwaso gorunan a ƙirji, sanyinsu na ratsa rigarsa, ya juyo. Tun daga nesa ya jiyo matan sun ɗauki waƙa a hankali, Maman Debby na bayarwa suna amsawa, wata na buga benci da tafin hannu. Ya ce a ransa ƙila ta riƙe. Ya kusa ƙofa sai waƙar ta yanke, ya ji wata na tambaya wa ke ƙona roba.

Yana sa ƙafa ya ji ɗan ƙara, tas, bai fi na ashana ba. Allo ya yi baƙi. Wani siririn hayaƙi ya taso daga akwatin, ya miƙe sama, iskar fanka ba ta ko taɓa shi ba.

Judith ta danna maɓallin kunnawa. Ta sake dannawa. Ta cire waya daga bango ta mayar. Ta ce ita fa idonta na kan lambar, saba'in da shida ce, kuma layin saura kaɗan ya cika. Ta faɗa wa Nelson, ta faɗa wa Mama, kamar wadda ke ba da shaida.

Mama Talatu ta ce a juya wa kwamfutar fankar ko za ta farfaɗo. Ɗaya daga cikin matan ta tashi ta juya. Suka zauna cikin zafi suna kallon iska na kaɗa wayoyin cikin akwatin. Da lokaci ya ƙure Mama ta sa aka kama hannu, ta yi addu'a a kan shagon da masu shi, ta ce kayan duniya ne. Suka tafi da ƙaramin kwafin da ke wayarta, mai dusassun fuskoki da kitson Maman Debby. Zoɓon yana kan tebur ba wanda ya buɗe.

Washegari suka ɗauki kwamfutar a keke zuwa Kakuri, tana kan cinyar Nelson, Judith na kallon waje. Monday ya shinshina, ya haska da fitilar waya, ya nuna musu wurin da ƙwaya ɗaya ta fashe ta bar baƙin tabo. Ya ciro firosesa ya gwada a wani bod, ba ta motsa ba. Ya ce da ƙwayar ta fashe, ɗanyar wuta ta wuce kai tsaye ta shige ta.

"Nawa ka sa mata?" ya tambayi Nelson. "Ka wuce inda na ce maka, ko? Da fanka ko ba fanka?"

Judith ta ce nawa na me. Monday ya dube ta, ya dubi Nelson, ya ce shi ya ɗauka ta sani. Sai ya tuna yana da abin nema a bayan shago.

"Tun yaushe?" ta ce.

"Tun Agusta."

Ta daɗe tana kallon tabon. Ya jira faɗa, ya fi son faɗan. Da ta buɗe baki muryarta a kwance take.

"Da ka faɗa mini jiya, da na ba Mama mafici na juya fankar da hannuna. Kunyar minti biyu ce, Nelson."

Irin bod ɗin sai an aiko daga Legas, da firosesarsa, kuma ba wannan watan ba, ba na gaba ba, don Ben yana gida. Makon Ista ya shigo, lokacin da kowace coci ke son tsarin sujada, ɗalibai kuma ke gaggawar firojet. Judith tana karɓar abin da za ta iya, ta ba Nelson ya kai wani shago a bakin titi a buga, a raba ribar da su. Sauran yini yana tsaye a gaban injin fotokofi yana ɗaga murfi yana saukewa. Da yamma ita ke rufe shago, makullin da ke hannunsa ta karɓa.

Abin da aka rasa shi ne bod ɗaya, da firosesa ɗaya, da ɗaya cikin sandunan ajiyar wucin gadi biyu da ke kan bod, wadda Monday ya gano daga baya ita ma ta taɓu. An rasa bidiyon Zumunta mai kyau, na farko da na biyu. An rasa aikin Ista na coci uku, da ɗalibai bakwai da suka ɗauki takardunsu suka tsallaka titi, biyu ne kawai suka ce za su dawo. Yaran Judith sun rasa darasin yamma na zangon nan. Faifan da ayyukan Nelson ke ciki bai ƙone ba, yana cikin leda a aljihun tebur, sai dai babu abin da za a buɗe shi da shi.